Shekarar da Na Hana a Sauka Rijiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ya san abin da ke bisanta.

Ku 'ya'yana, na san abin da kunnuwanku ke tsinta duk lokacin da kuka je Kurawa biki ko ta'aziyya. Ba a faɗa muku a fuska, amma kun ji. Ana cewa ubanku ya tsaya bakin rijiya yana taƙama da takarda, kawunku Garba yana kiransa daga ciki, ya ƙi sauka, ya kuma hana wasu su sauka. Ban taɓa musa maganar ba, domin rabinta gaskiya ce. Za ni rubuta muku ɗaya rabin, kuma dole in faro daga zancen takardar, tunda ita aka ɗora wa laifi tare da ni.

Sana'ata ginar rijiya. Tun ina saurayi na shiga hannun Baba Tunau na Turba, tsoho mai ƙarancin magana, wanda in ya ɗebo ƙasa ya sansana sai ya gaya maka gaba nawa ya rage a tarar da ruwa. Da wani kamfanin aikin ruwa ya buɗe ofis a Sabon Birni, ya ɗauke mu mu da yawa, har da Garba, ƙanin mahaifiyarku. Ba wanda ya naɗa ni, amma duk sabon ma'aikaci wurina ake turo shi in nuna masa ɗaurin igiya, da zuba kankare, da yadda ake taka bangon rami. Haka muka yi shekaru, har ranar da manaja ya kira ni ofis.

"Mu'azu," ya ce, "kowa ya san kai ke koyar da mutanen nan. Amma daga sama an ce daga baɗi ba wanda zai tsaya gaban ma'aikata da sunan mai horarwa sai mai takardar shaida. In ba ka da ita za a kawo wani, kai kuma ka koma cikin rami."

Hanya biyu ce a gabana. Akwai wani mutum a Isa da ke ba da takarda bayan kwas na kwana goma. Akwai kuma makarantar horon ma'aikata a Sakkwato, inda ake wata takwas, a ƙarshe kuma a turo jami'i ya zo har wurin aikinka ya ga yadda kake koyarwa kafin a ce ka ci. Garba ya riga ya karɓo ta Isa. Ya nuna mini ita, mai zanen ruwan zinariya a gefe, da hotonsa yana murmushi. Shi ya matsa mini har na hau bayan babur ɗinsa muka tafi, domin a lokacin mutum na bin hanyar Isa ba tare da ya yi wasiyya ba.

Shago ne a bayan tashar mota. Akwai benci uku da allo, amma gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin bencin da bango, allon kuma babu alamar alli ya taɓa hawansa. Takardu na rataye a igiya kamar shanya. Mai shagon bai tambayi sunana ba. Ya miƙa hannu ya ciro guda ya ba ni. Sunana ne a jiki, da na mahaifina, an rubuta cewa na halarci horo na kuma ci da kyakkyawan sakamako. Kwanan watan da ke ƙasa bai ma zo ba, saura kwana goma. Garba ya yi dariya ya ce shi ya ba da sunan tun makon jiya. Na san haka ne, amma jikina ya yi sanyi, kamar mutum ya shiga ɗaki ya tarar an ɗinka likkafaninsa an ninke ana jira.

"In an tambaye ni abin da na koya fa?" na ce.

"Wa za ya tambaye ka?" in ji mai shagon. "Takarda aka biɗa, ba kai aka biɗa ba."

Na ajiye masa abinsa na ce za ni yi shawara. Washegari na tambayi akawun ofishinmu, wata mata mai tsoron Allah. Ta ce takardar da hukuma ta sani tana da lamba, lambar kuma tana cikin rajista, duk wanda ya so zai iya dubawa. Ta Isa na iya wucewa shekara ɗaya ko biyu kafin wani ya duba. Nan na yanke cewa Sakkwato za ni.

Gida bai ji daɗin maganar ba. Tsakiyar rani ce, wata takwas kuma na nufin damina za ta zo ta wuce ba ni nan, kai Nasiru kana goye. Kakarku Inna tana zaune da mu a lokacin. Tsakanin suruka da suruki ba a magana kai tsaye, saboda haka kaji take gaya wa, tana watsa musu tsaki, ni kuwa ina zaure ina ji.

"Mutum shina da gona, shina da sana'a, shina da iyali, ya tahi birni ya zauna bisa benci awa yaro. Garba kwana goma yay yi."

Mahaifiyarku kuwa sai da ta kawo mini fura ta durƙusa ta ce a hankali, "Malam, in waccan ce ta gaskiya, ka tahi. Gero ba shi rasa mai nome shi."

Garba kuwa, Allah ya jiƙansa, ko a jikinsa. "Yaya, tahi abinka. Gonarka da tawa duk guda na. Ka dawo ka koya muna Turanci." Ku riƙe wannan: shi ya nome gonata a shekarar nan, noman fari da maimai, shi ya yanke geron ya ɗaure ya zuba a rumbu. Tuwon da kuka ci shekarar da ya rasu guminsa ne.

Wanda ya fi yi mini nauyi Baba Tunau ne. Na same shi a Turba gindin aduwa yana murza igiya. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago kai ba.

"Takarda ba ta jin rijiya, Mu'azu. Saura abu guda ban hwaɗa maka ba. Bana ita ta shekarata ta ƙarshe bakin rami. Tsaya ka ji."

"Faɗa mini yanzu mana, Baba."

"Ba a hwaɗinai cikin inuwa."

Na yi masa sallama na tafi, ban tsaya ba.

Ba za ni cika ku da labarin makaranta ba. An koya mana yadda ake tsara darasi, da yadda za ka sa mai koyo ya maimaita abu da hannunsa maimakon ya gyaɗa maka kai. Abu ɗaya ne ya zauna mini. Wani malami ya kawo ganga ya tayar da ƙaramin inji ya tura hayaƙin ciki, sannan ya saukar da kyandir mai ci. Wutar ta mutu kamar an tsinke ta da yatsa. Ya ce iskar da ke kwance a ƙasan rami ba ta da launi, ba ta gargaɗi, kuma tana kayar da ƙato kafin ya kai hannu ga igiya. Ya sa muka faɗa da baki ɗaya, mu manya da gemu, har sau goma: wanda ya bi wanda ya faɗi gawa ta biyu ce. Na tuna rijiyoyin da muka ji an ciro mutum uku ko huɗu 'yan gida ɗaya, kowa ya bi ɗan'uwansa.

Na dawo bayan kaka. Kafin in dawo an ba Garba riƙon ma'aikata saboda takardarsa, kamfani kuma ya kawo sabon injin jan ruwa mai amfani da fetur. Ban ce takardar Isa ce ta kashe shi ba. Abin da na sani shi ne babu wanda ya taɓa gaya masa abin da hayaƙin inji ke yi a cikin rami, ni ma kuma na bari sai ranar darasi in gaya wa kowa gaba ɗaya, don jami'i ya ga na iya. Wannan laifina ne, kuma ba shi ake zargina da shi ba.

Aikin da ke hannunmu a lokacin wata tsohuwar rijiya ce a gefen kufan Alkalawa, wadda aka ce a yashe a gyara wa mutanen ƙauye. Kun san wurin: tuddai marasa gidaje, fasassun tukwane a cikin ƙasa, kukoki tsaye nesa da juna. An rufe bakin rijiyar da itatuwa tun kafin a haifi duk wanda muka tambaya. Na lura mata masu ɗauko kara ba su bi ta gefenta, sai su yi zagaye, amma ba wanda ya ce mana kada mu taɓa. Nan aka sa ranar gwajina, da mutum shida da za ni koyar.

Da safe na je tashar Sabon Birni na tarbi jami'in. Dogon mutum ne mai gilashi, bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. A cikin mota ya gaya mini sunansa Malam Sidi, domin wanda aka ce za a turo tun farko ya kwanta rashin lafiya, shi aka sa a madadinsa a daren jiya. Muka isa da hantsi. Tun daga nesa na ga abin da bai yi mini ba: babu ƙarar inji, mutanena shida sun yi cirko-cirko a bakin rijiya, babu Garba.

Buba, abokin Garba tun suna kiwo, shi ya tare ni. Ya ce Garba ya zo tun da sassafe don ya janye ruwan kafin in iso, wai kada a kunyata yayansa gaban baƙo. Tiyo bai kai ba, sai ya saukar da injin da igiya ya ɗora shi a wani dakali cikin ramin. Injin ya yi ta aiki, sannan ya mutu. Garba ya sauka ya duba. Sun ji faɗuwar abu cikin laka, daga nan shiru. Buba yana magana yana ɗaura igiya a ƙugunsa.

Na ce ya tsaya. Na kunna fitilar ƙwai na saukar da ita a hankali. Rijiyar gaba goma sha biyu ce. A gaba na huɗu wutar ta yi ja, ta mutu. Na jawo, na sake kunnawa, ta sake mutuwa a daidai wurin. Na tura mutum guda da babur Sabon Birni ya ɗauko injin hura iska, sauran na ce su saro rassan dogonyaro mu ɗaura a igiya mu riƙa ja muna saki don iskar ta motsa. Muna cikin haka muryar ta fito.

"Yaya. Yaya Mu'azu. Sauko."

Muryar Garba ce, ba wanda zai musa. Amma babu tari a cikinta, babu nishi, babu gaggawa. Kamar mai kiran mutum ya zo a ci tuwo. Na kwanta da ciki a bakin ramin na leƙa, ban ga komai ba sai baƙi. Igiyar da ya sauka da ita tana nan rataye har ƙasa.

"Garba," na ce, "in kana ji na, ja igiya."

Igiyar ba ta motsa ba.

"Sauko," in ji muryar.

Buba ya sa ƙafa a bakin rijiya. Na rungumo shi ta baya muka faɗi tare. Ya fi ni ƙarfi, ya fasa mini leɓe da gwiwar hannu, amma ban sake shi ba har na zauna bisa ƙirjinsa.

"Kai ba mutum ba na," ya ce yana kuka. "Shina kiranka. Ƙanin matarka na."

Na ce duk wanda zai sauka sai dai ya fara jefa ni. Na kwance igiyar daga ƙugunsa na naɗe ta a hannuna na zauna a kanta.

Rana ta take. Mutanen ƙauye sun taru, amma sun tsaya can nesa, ba su matso ba. Babu iska ko kaɗan, ganyen kuka ma bai motsi. Mu muna jan rassa muna saki, hannuwanmu na zubar da jini, muryar kuwa ta bar ni ta koma kan sauran. Ta kira Buba. Ta dakata kamar tana jira. Ta kira Sani, ta kira Ɗanjuma, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin kiran da Garba ke masa, kowa kuma kalma ɗaya ake ce masa. Duk wanda aka kira sai ka ga ƙafarsa ta yi gaba da kanta, sai na daka masa tsawa ya dawo. Tsakanin kira da kira ina sake cewa a ja igiya. Ko sau ɗaya ba ta girgiza ba.

Malam Sidi yana tsaye a gefe tun farko da littafinsa, yana rubutu, ban san me yake rubutawa ba. Bai yi wa kowa magana ba tunda muka sauka daga mota. Can wajen azahar muryar ta ce:

"Malam Sidi. Kai ma sauko."

Na ga biro ya tsaya a hannunsa. Ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka gaya wa wani sunana?"

"A'a."

Ya rufe littafin, ya ja da baya har gindin kuka, ya zauna ya ciro tasbaha. Bai ƙara matsowa ba.

Injin hura iska ya iso bayan azahar. Muka tura bututu muka yi ta hurawa, ina gwada fitila. Ta kai gaba shida, ta kai takwas. Kiran ya riƙa yin nisa tsakani. Dab da la'asar fitilar ta sauka har ƙasa tana ci, kuma daga wannan lokacin ba a ƙara jin komai ba. Ni na sauka, da igiya biyu a jikina. Na same shi kife, fuskarsa cikin laka har kunnuwa. Jikinsa ya yi sanyi ya sandare, sai da na yi fama kafin in zura igiya ƙarƙashin hamatarsa, domin hannuwan sun ƙi lanƙwasuwa. Na yi wa gawa wanka ba sau ɗaya ba, na san wadda ta daɗe. Garba ya cika tun kafin motarmu ta tsaya a wurin. Ban daɗe a ƙasan ba. Ban waiwaya ba kuma, ko da yake na ji kamar in na waiwaya akwai abin gani.

Amma jama'a sun ji kira har kusan la'asar, kuma abin da kunne ya ji ba a goge shi da bayanin fitila. Kafin a kai shi makwanci labari ya riga mu Kurawa. Inna ta tattara kayanta ta bar gidana a ranar sadakar uku, ba ta ƙara cin abin da ya fito daga hannuna ba har ta koma ga Allah. Buba yana nan da ransa, da jikokinsa, in mun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Malam Sidi ya dawo bayan wata guda ya kalle ni ina koyarwa a wata rijiya a Turba, ya sa hannu, takarda ta zo da lambarta. Da na raka shi mota na ce ko zai gaya wa mutane abin da ya ji. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, babu gurbin wannan a fom ɗinsa. Da takardar nan na yi sauran aikina, na horar da magina daga Isa har bakin iyaka, da ita na ciyar da ku, ban kuma ƙara ciro gawa daga rami ba.

Na je wurin Baba Tunau bayan sadakar bakwai. Ya kwanta ciwo, idonsa ya tafi. Na ba shi labari duka.

"Ka amsa?" ya ce.

"Na ce ya ja igiya."

"Ya ja?"

"Bai ja ba."

Sai ya ce, "Shi na abin da nis so in hwaɗa maka. In rijiya ta kira suna, a ba ta aiki. Mai rai shina yi. Can makarantar mi sunka ce?"

"Sun ce iska ce, Baba."

"Iska sunka ce?" Ya yi 'yar dariya har ta zama tari. "To ai ba su yi ƙarya ba."

Na roƙe shi ya faɗi haka gaban mutane. Ya ce wannan ba maganar taro ba ce. Bai kai damina ba.

Saura mahaifiyarku. Ba ta bi Inna ba, ba ta kuma ce mini komai ba har aka yi arba'in. Ranar nan da yamma tana tankaɗe a tsakar gida, ina gyaran guga, sai ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Malam, an ce ya kira mutane da sunansu. Ya kira ni?"

Na ce a'a. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ƙara ɗaga zancen ba har ƙarshen rayuwarta.

Ƙarya na yi mata, kuma ita kaɗai ce ƙaryar da na san na yi mata a zamanmu. Kiran ƙarshe, lokacin fitila na gaba goma, ni kaɗai ke kwance a bakin ramin, ƙarar inji ta hana sauran ji. Ba Dije aka ce ba, sunan da kowa ya san mahaifiyarku da shi. Jije aka ce, sunan da Garba ya sa mata tun bakinsa bai iya magana ba, wanda ba mai kiranta da shi sai shi, shi ma sai a cikin gida. Kuma wannan karon ba a ce sauko ba. Sunan kawai aka faɗa, sau ɗaya, a gajiye.

Na san gawar da na taɓa da hannuna. Na san abin da fitila ta nuna, na san abin da Baba ya ce. Duk da haka shekara da shekaru ina juya kiran nan, ban gama da shi ba. Na ɓoye mata ne don na san in ta ji, ko dai ta tafi bakin rijiyar nan, ko ta bar gidana, kuma ban iya ɗaukar ko ɗaya ba. Yanzu tana inda ta san gaskiyar da ni ban sani ba. In kun je ziyarar kabarinta, ku wuce na kawunku, ba nisa, ku yi masa addu'a kafin ku yi mini.